Wayar da Inna ta sare

A gidanmu ba a ambaton tsawa. Idan hadari ya haɗo, Inna, wato mahaifiyata, takan bi tsakar gida ta kwashe duk wani ƙarfe, wuƙa da fartanya har murfin tukunya, ta cusa ƙarƙashin gado, ta zauna da carbi har ruwa ya ɗauke. Ba ta taɓa faɗa mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, don kowa a ƙauyenmu na ƙasar Roni ya san dalilin.

Ina 'yar shekara shida mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, suka yi rigimar iyakar gona. Wani ɗan yanki ne, faɗinsa bai fi taku goma ba, tsakanin layin gamba da wani falalen dutse. Aka tara dattawa a zauren mai unguwa. Mahaifina mutum ne mai zafin zuciya, a wurinsa na gado, sai ya miƙe ya ce in ya ci iyaka ko da taku ɗaya, aradu ta faɗa masa. Bayan kwana tara ta faɗa masa, yana dawowa daga gona.

Ba wanda ya taɓa ce mana komai ido da ido. Amma daga shekarar ba a sake shuka ɗan yankin nan ba. Baffa bai taɓa shi ba, Inna ma ta hana a sa masa ko da fartanya. Shekara talatin da biyar yana nan ciyawa da ƙaya, kowa ya bi hanyar kasuwa sai ya gan shi ya tuna. Na girma ban sani ba ko ni 'yar mai gaskiya ce ko 'yar wanda ya yi rantsuwa a kan ƙarya, kuma abin yana damuna har yau da nake da furfura.

Abin dariyar shi ne ni malamar firamare ce a Kazaure, kuma kimiyya nake koyarwa. Nakan tsaya gaban allo in zana gajimare, in yi bayanin walƙiya tiryan-tiryan. Amma da na ji rugugi sai in ga na ture makullaina can ƙarshen tebur.

Da Inna ta tsufa na yi juyin duniya ta dawo wurina, ta ƙi. Ta ce Kazaure hayaniyar Keke Napep ta yi yawa, kuma wa zai duba mata awaki. Zafin bazara kuwa yana neman ƙarasa ta. Sai na yanke shawarar sa mata sola, ta samu fanka da ƙwan fitila biyu. Aka haɗa ni da wani mai aikin waya, dattijo, Kirista daga tsakiyar ƙasar nan, ya fi shekara ashirin a Kazaure, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne mai sanyin magana, irin sanyin da kan sa mai zafin kai kamar ni ya ƙara hasala.

Aikin solar kanta bai ɗauki yini ba. Faranti huɗu a kan rufin kwano, batir biyu da inbata, wato akwatin da ke mayar da wutar batir irin ta gida, a ɗan ɗakin ajiya. Fanka ta juya, Inna ta sa fuska a gabanta ta lumshe ido, ta sa mini albarka har na ji kunya. Na ɗauka an gama. Sai na ga Injiniya yana sauke wani dogon ƙarfe mai tsini daga bayan babur, da naɗin waya mai kauri ta jan ƙarfe.

Na ce, "Injiniya, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Malama, gidan nan a kan tudu yake. Duba ki gani, ba abin da ya fi shi tsawo sai dutsen can. Yanzu kuma mun ɗora masa ƙarfe a ka, mun ja waya har cikin ɗaki. Ba na barin sola a wuri irin wannan ba ƙarfen tsawa."

Da kalmar ta fito daga bakinsa na waiga na dubi Inna. Ta daina lumshe ido.

Ya yi mana bayani, na kama wani na rasa wani. Ya ce dole tsinin ya ɗara farantan tsawo, kuma a ɗan ware shi daga jikinsu. Wayar da za ta sauko daga gare shi kada a lanƙwasa ta, kada a yi mata ƙulli, ta sauko sak. Shi ma firam ɗin da ke riƙe da farantan za a ɗaure shi da waya zuwa ƙasa. Akwai kuma wani ɗan akwati kamar na ashana da zai sa kafin inbata, wanda zai tare wutar da ta wuce kima. Ya ce ya taɓa aiki a inda ake samun wuta da manyan fankoki masu juyawa da iska, can ma kowane fiffike da wayarsa a ciki har ƙasa. Amma duk wannan, in ji shi, aikin banza ne in ramin ƙasa bai yi kyau ba.

Ramin nan ya ba shi wahala. Ƙasarmu ba ta da mutunci, ka haƙa zuwa gwiwa sai diga ta yi ƙara a kan dutse. Ya gwada bayan ɗaki, dutse. Ya gwada kusa da turken awaki, dutse. Sai a na uku ya dace, dab da inda Inna take alwala da wanke-wanke, taku biyar daga ƙofar ɗakinta, inda ƙasar ba ta rabuwa da laima. Ya haƙa har ya shige zuwa ƙirji, ya kafa sandar jan ƙarfe, sannan ya buɗe buhuna biyu. Ɗaya gawayi ne, ɗaya gishiri. Ya dinga zubawa, gawayi, gishiri, ƙasa, ya sake gawayi, gishiri, ƙasa. Ya soka wani guntun bututu a gefe, ya ce a riƙa zuba ruwa a ciki, buta biyu ko uku duk bayan 'yan kwanaki, musamman da rani.

Inna tana zaune a kan tabarma tana kallo. Ta ce, "Gishiri da gawayi. Saura baƙar kaza."

Injiniya ya yi dariya har ya jingina da shebur. Ni ban yi ba, don wallahi abin da ke raina ke nan. Na taɓa ganin irin wannan binne-binne, kuma ba masu gyaran wuta ne suka yi ba.

Sai ta kira shi. "Ɗan nan, zo in tambaye ka. Ƙarfen nan naka, kiran ta yake yi ko korar ta?"

Ya durƙusa ya ce, "Mama, ba ya kira, ba ya kora. In ta zo ne, sai ya ba ta hanya ta shige ƙasa, ba ta taɓa kowa ba."

"Ƙasar wa?"

"Ƙasar nan, Mama."

"Ta ƙofar ɗakina."

Ya ce e. Ta gyaɗa kai.

A hanyar komawa na yi ta juya tambayar nan. In ba ya kira, me ya sa aka yi masa tsini aka ɗaga shi sama da komai? In kuma yana kira, wane mai hankali ne zai kafa shi a kan uwarsa? Na duba littafin da nake koyarwa da shi, layi biyu kawai ya yi a kai, da zanen wani bene da ba irin namu ba. Na sake tambayar Injiniya a waya, ya maimaita mini abin da ya gaya wa Inna kalma da kalma, kamar mai karanta takardar magani. Na kashe wayar ina jin haushinsa da haushin kaina. Duk da haka, duk ranar Juma'a in na kira Inna nakan ce ta tuna da ruwan bututu. Takan ce to.

Wata huɗu aka yi haka. Damina ta faɗi, an yi shuka. Ranar wata Talata bayan la'asar ina gyaran takardun jarrabawa, maƙwabciyar Inna ta kira ni. Ba ta ko yi sallama sosai ba. Ta ce in kwantar da hankalina, Inna tana da rai, amma abin nan ya sauka a gidan. Ita ma ba ta iya kiran sunan ba.

Washegari da sassafe na je shagon Injiniya. Abin da na gaya masa a gaban mutane ba zan rubuta shi duka ba. Na ce ya zo ya kafa wa tsohuwa masifa a ka, ya binne gishiri kamar boka, ya tafi ya bar ta. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya ce in hau babur.

Tun daga zaure na ji wari iri biyu, na ƙonanniyar roba da na tsamin nono. Mata sun cika tsakar gida. An kwarara nono a gindin bango, ƙwarya wajen uku, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Haka ake yi a wajenmu inda tsawa ta faɗa, a ce a sanyaya wurin, wasu kuma su ce nonon ne ke fito da gatarin aradu daga ƙasa. Bangon ɗakin ajiya ya tsage daga sama har kusan tsakiya, da baƙin zane kamar an ja gawayi. Inbata ta narke ta gefe ɗaya. Inna tana zaune a bakin gado, ba ƙwarzane a jikinta, sai dai kunnenta na hagu ya daina ji sosai.

Matan suna yi mini jaje, amma ina jin abin da ke ƙarƙashin jajen. Wata ta ce wa ta kusa da ita, a hankali amma ba can ba, "Sau biyu a gida ɗaya." Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni ma tun a kan babur lissafin da nake yi ke nan. Gidaje nawa ne a garin? Me ya sa namu?

Na zauna kusa da Inna na riƙe hannunta. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ba ta gama da mu ba."

Shi kuwa Injiniya bai shiga jaje ba. Ya hau rufi ya duba tsinin, ya sauko ya ce nan ta sauka, bakin ƙarfen har ya ɗan narke. Ya fito da mitarsa ta awon wuta ya maƙala a jikin wayar, ya duba, ya girgiza mitar, ya sake dubawa. Sai ya fara bin wayar da hannu daga sama zuwa ƙasa. A gindin bango an jingina wata tsohuwar randa da ɗaurin kara. Ya kawar da su.

Wayar ta ƙare a iska, kamar kamu ɗaya sama da ƙasa. An sare ta. Ɗaya guntun, wanda ya shiga rami, an lanƙwashe shi an tura cikin ƙasa. Saran ba na jiya ba ne, bakinsa har ya yi kore. Daga daidai wurin ne baƙin zanen ya tsallaka bango ya nufi ɗakin batir.

Ya kira ni ya nuna mini. Na ce ɓarayin jan ƙarfe ne. Ya ce ɓarawo ba ya sara ya bar kayan.

Inna ta fito tana dafa bango. Ta sallami matan, ta ce ta gode, Allah ya bar zumunci. Da suka watse ta ce, "Ni na sare. Da gatarin faskare, kwana biyu bayan tafiyarku."

Na ce, "Inna, don Allah me ya sa?"

"Ya ce hanya ce. Hanyar da za ta bi ta shigo ƙasar gidana. Ni kuwa ta taɓa shigo mini sau ɗaya. Sai na datse hanyar."

"To ruwan da nake ce miki ki zuba fa?"

"Ina zubawa. Ba ki ce in zuba ba?"

Na rasa abin da zan yi, dariya ko kuka ko faɗa. Wata huɗu tsohuwar nan tana ɗaukar buta tana shayar da ramin da ta riga ta raba da wayarsa, don kada ta saɓa wa 'yarta. Kuma in an bi maganarta a hankali, ina kuskuren yake? An ce mata hanya ce, ta toshe. Ni mai koyar da kimiyya ban iya ba ta amsar da ta fi wannan ba.

Injiniya ya zauna a kan turmi ya share gumi. Na ga ransa ya ɓaci, amma muryarsa ba ta canza ba. Ya ce, "Mama, laifina ne da ban yi miki bayani yadda ya kamata ba. In ruwa ya taru a kan soro, kika toshe indararo, ruwan ba ya fasa zuwa. Ta cikin ɗaki zai bi. Da wayar nan tana haɗe, da ƙara kawai za ki ji."

Inna ta juya masa kunnen dama. "To me ya kawo ta gidana tun farko?"

"Tudu, Mama. Da tsawo, da ƙarfe. Ba ta san gidan wa ba ne."

Sai ta ce in miƙo mata mayafi da sandarta. Ta ce wa Injiniya, "Taso, ɗan nan, ka duba mini wani wuri."

Na san inda za mu tun kafin mu fita zaure. A iya sanina Inna ba ta taka wurin nan ba tun ina yarinya. Muka bi ta cikin gero da bai kai gwiwa ba, tana tafe tana hutawa, har muka isa ɗan yankin da ba a shukawa. Ta wuce shi ta hau falalen dutsen da ƙyar, ina riƙe da ita. Daga nan ana hango garin duka a ƙasa, har da rufin gidanmu da tsininsa.

Ta ce, "In mutum yana nan tsaye, hadari ya taso, yana sauri ya kai gida, da garma a kafaɗarsa. Dogon mutum."

Injiniya ya dubi dutsen, ya dubi sararin da ke kewaye, ba bishiya ko ɗaya kusa. Ban taɓa ba shi labarin ba, amma ina jin ya gane ba tambayar banza ba ce. Ya ce, "Mama, ko ni ne, ko limamin garinku, ko wanda bai taɓa saɓo ba tun da aka haife shi. Duk wanda ya tsaya nan da ƙarfe a kafaɗa ana hadari, shi ne tsinin."

"Ko bai yi ƙarya ba?"

"Ko bai yi ba."

"In kuma ya yi fa?"

Na so ya ce mata wani abu mai daɗi, ko da ba shi da tabbas, har ina yi masa alama da ido. Bai kula ni ba. Ya ce, "Ni ban san mutumin ba, Mama. Ban san ko ya yi gaskiya ba. Abin da na sani kawai, ita ma tsawar ba ta sani ba. Wannan sai Allah."

Haushi ya kama ni. Na zo har nan ina jiran a wanke mahaifina, sai aka ce mini shaidar da aka kama shi da ita ba shaida ba ce, amma kuma ba a kawo wata ba. Na sauko daga dutsen ban fi yadda na hau sani ba. Inna kuwa ta ce a koma gida, rana ta yi.

A ranar Injiniya ya sa sabuwar waya, ya ce ba a yi wa irin wannan ɗori. Inna ta zauna tana kallon sa har ya ɗaure ta da sandar da ke rami, ta sa ya nuna mata mitar, ko da yake ba ta san lamba ba. Ita da kanta ta zuba buta uku. Na ba shi haƙuri a kan maganganun da na yi masa da safe, ya ce ya ji waɗanda suka fi su. Inbata sai bayan wata biyu aka samu wata.

Na kwana a garin. Da safe bayan an idar da salla na fito ban ga Inna ba, ba sandarta, ba 'yar ƙwaryar da take ajiye irin wake. Na bi sawunta. Na same ta a ɗan yankin nan, ta sassabe ƙaya daga wuri kamar faɗin tabarma biyu, hannunta har da jini. Lokacin gero ya wuce, amma wake zai yi. Masu tafiya kasuwa suna rage gudun keke suna kallo.

Na ce, "Inna, bari in ɗauko masu aiki. Kuma Baffa fa? Kada a tayar da tsohuwar rigima."

Ta nuna wani dutse da ta ajiye a tsakiyar yankin. Ta ce ta auna da ƙafa, daga dutsen zuwa gamba na Baffa ne, in je in gaya masa ya shuka ko ya bari, ruwansa. Daga dutsen zuwa nan kuma namu ne, magadan mahaifina.

Na ce, "To ai ba mu san mai gaskiya ba har yanzu."

Ta ce, "Ba mu sani ba." Ta sara rami da sungumi, ta jefa ƙwaya uku, ta rufe da diddige. "Amma ni shekara talatin da biyar na ɗauka na sani. Mutanen gari ba su riga ni ba. Tun ranar da aka shigo da gawar ubanki na yanke masa hukunci, ina wankin kayansa ina cewa a raina me ya kai ka. Kullum in na yi salla gafarar rantsuwar nan nake nema masa. Ban taɓa cewa wataƙila gaskiya ya faɗa ba, ko sau ɗaya. Kuma mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ta miƙo mini ƙwaryar, ta ce in bi bayanta ina zubawa, uku uku, kada in cika hannu irin na ubana.